Na yi fim na tashin hankali, 'yan fadarmu suka yi ta dariya

Wani matashi daga nan Damagaram ya turo min saƙo mai tsawo, bari in taƙaita muku. Ya ce shekara biyu kenan yana koyon ɗaukar bidiyo da waya, bara ya rubuta labari na minti ashirin a kan wani ɗan kabu-kabu da ya ɗauki fasinja da dare bai san ɓarawon babur ba ne. Yayarsa ta ɗauki kuɗin adashenta jika ɗari da hamsin ta ba shi aro, ya tara abokai suka ɗauka, ya yi montaj ɗinsa, wato yankewa da jera hotunan, a manhajar CapCut, ranar da ya kunna wa 'yan fadarsu sai wasu suka koma latsa waya tun ba a yi minti biyu ba, da aka zo wurin da ɓarawon ya zaro wuƙa kuma sai kowa ya fashe da dariya. Ya ce farkon fim ɗin sunayen 'yan wasa ne da hotunan gari da kiɗa, sannan wata murya tana bayanin yadda satar babura ta yi yawa, sai a yanke zuwa faɗa. Yanzu wata biyu yana guje wa yayarsa, yana tunanin ko dai ya sake cin bashi ya sayi kyamara ta gaske ko ya bar harkar gaba ɗaya. Kuma abokinsa da ya fito a ɓarawon ya ce dole fuskarsa ce za ta fara fitowa a fim ɗin in ba haka ba ya fasa.

Toh ƙanena, sannu. Wallahi na ji zafin saƙon nan naka, don dariyar waɗanda kake shan shayi da su kullum ta fi zagin baƙo ciwo, kuma ni ban ga laifinka ba da ka kwana biyu ba ka son fita. Amma kada ka sayi kyamara. Ina roƙonka da Allah kada ka ƙara cin bashin ko dala a kan wannan fim ɗin, don abin da ka kwatanta min ba ciwon kyamara ba ne ko kaɗan, ko wace irin kyamara aka ba ka in dai haka farkon yake to waya za su ci gaba da latsawa. Matsalar a minti ukun farko take, kuma gyaranta bai wuce aikin kwana biyu ko uku ba da wannan wayar da ke hannunka.

Ka tuna lokacin da kaka ko inna ke yi mana tatsuniya a tsakar gida bayan isha'i. Ba ta taɓa cewa kwatsam sai kura ta cinye yarinyar ba. Sai ta fara gaya mana cewa kura fa ta riga ta shiga ɗakin ta laɓe bayan randa, mu mun sani, yarinyar ce ba ta sani ba, sannan a ce ga yarinya tana tahowa tana waƙarta, ta tsaya ta gaida maƙwabciya, ta ajiye tulu, ta kakkaɓe zane, mu kuma muna matse da juna muna cewa kar ki shiga kar ki shiga. Wannan jiran shi ne fargaba, kuma shi ne abin da fim ɗinka ya rasa. Kai abin da ka yi shi ne ka ɓoye wa mai kallo komai sannan ka zaro wuƙa bagatatan, wannan razana ce, daƙiƙa biyu ta wuce, in kuma jinin ya yi kama da tumatirin gwangwani to dariya ce za ta biyo baya, dole.

Alfred Hitchcock, Baturen Ingila da duniya ta san shi da finafinan fargaba, ya yi wannan bayanin a wata doguwar hira da ɗan fim ɗin Faransa François Truffaut ya yi da shi a 1962, wadda aka buga littafinta a 1966. Misalin da ya bayar shi ne mutum biyu zaune suna hira sai bom ya tashi a ƙarƙashin teburi, mai kallo zai razana na daƙiƙa goma sha biyar shi kenan. Amma in ka nuna wa mai kallo an ajiye bom ɗin tun farko, ya san ƙarfe nawa zai tashi, ga agogo a bango yana gani, to wannan hirar tasu ta banza ta zama abin da ba zai iya ɗauke ido a kai ba har minti goma sha biyar. Kaga ai maganar inna ce da kura bayan randa, shi dai da kyamara ya yi tasa.

Yauwa, to mu dawo kan babur ɗinka. Da ni ne ga yadda zan buɗe. Babu suna, babu kiɗa, babu murya mai bayani. Abu na farko da za a gani hannu ne, hannu kawai, a kusa sosai, yana tura wuƙa cikin hannun riga yana gyara ta don kar ta fito, yatsun suna ɗan rawa. Daƙiƙa biyar ko shida. Sai a yanke zuwa bakin titi, ɗan kabu-kabu zaune a kan babur yana ƙirga canji da hasken waya, ya ware wasu ya sa a aljihun gaba, ya kira gida yana cewa a ajiye masa tuwo yanzu zai taho, mutum ɗaya kawai zai ƙara ɗauka don gobe ne ranar kai wa mai babur kuɗinsa kuma saura kaɗan ya cika. Sai wannan hannun rigar da muka riga muka sani ya shigo cikin hoto ta gefe, ya taɓa kafaɗarsa. Shi kenan fa, ka kama su. Daga nan duk abin da direban ya faɗa a hanya, ko hirar tsadar mai ce, ko ta layin famfo da ƙannensa ke tashi tun asuba su bi da bido, mai kallo yana ji ne cikinsa na ɗurar ruwa saboda ya san abin da ke cikin hannun riga, direban kuma bai sani ba.

Kuma ka lura da wannan kiran wayar da na sa, ba don ado ba ne. Mutum ba ya jin tsoro saboda wanda bai damu da shi ba. A yadda ka tsara, ana zaro wa direban wuƙa alhali ba mu san ko shi waye ba, mu a wurinmu abokinmu ne wane da muke gani kullum ya sa hular kwano yana wasan kwaikwayo, shi ya sa 'yan fada suka ga abin dariya. Ka ba mu abu ɗaya ƙarami da yake so a daren nan, tuwon da aka rufe masa, ko jika biyun da suka rage ya cika kuɗin mai babur, abu ɗaya ya isa, ba sai ka kawo tarihin rayuwarsa ba.

Ita kuma muryar da ke bayanin satar babura ka cire ta gaba ɗaya, babu ɗan Zinder da yake buƙatar a gaya masa wannan. Hotunan gari ma haka, na san kana son a ga fadar Sarki da duwatsun Birni don suna da kyau kuma garinmu ne, ni ma ina so, amma ba a nan ba. Sunayen 'yan wasa ka kai su ƙarshe, sunan fim ɗin kaɗai ka sa bayan babur ya tashi ya shige duhu.

Akwai hanya da ya kamata ka yi amfani da ita wadda garin nan ya ba ka kyauta. Tafiyar ta fara daga inda akwai haske da jama'a, misali gefen kasuwar Dole ko wani wuri a Zango da masu shayi da masu tsire ke zaune, sannan a hankali fitilu su riƙa raguwa, mutane su riƙa raguwa, titi ya koma lungu, lungu ya ƙara matsewa irin na cikin Birni da bango ke kusan taɓa gwiwarka, har ya zama hasken fitilar babur kaɗai ya rage. Kowane yanka da za ka yi wurin ya fi na baya ƙunci da duhu. Mai kallo ba zai ce na lura ba amma jikinsa zai ji ana rufe masa ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Ka kuma sa musu dama ɗaya ta tsira da za ta kuɓuce, wani sanannen direban ya ɗaga masa hannu ya ce tsaya mana, ya ce sai na dawo, ya wuce. Wannan wurin ne za ka ji wani a cikin masu kallo ya ce kash.

Sai maganar sauti, kuma nan nake so ka fi ba ƙarfi don yawancinmu a nan muke faɗuwa. Mun saba da sa kiɗan tsoro tun daga farko har ƙarshe da ƙarfi, kunne kuwa in ya ji abu ɗaya minti guda sai ya daina jinsa. Ka cire kiɗan ka bar ƙarar injin babur, ita ce kiɗanka. Tana tafe tana tafe, muryar direban a samanta, fasinja yana amsawa da uhm kawai. Sai fasinja ya ce tsaya nan. Direba ya kashe inji. Wannan shirun da zai biyo baya, wallahi in ka yi shi daidai ya fi duk wani kiɗa da za ka sauko da shi daga intanet, sai ƙarar salansa tana hucewa ƙas ƙas, kare yana haushi can nesa, rediyon wani gida, numfashin mutum biyu. Ka bar shi ya daɗe har kai kanka ka ji ya yi yawa, sannan ka ƙara daƙiƙa biyu. Ka je filin kokowa ka gani, lokacin da 'yan kokowa biyu suka duƙa suna zagaya juna ba wanda ya kama wani, a nan ne mutane ke miƙewa tsaye, kayen kansa ƙiftawar ido ne.

Sautin nan kuma kar ka dogara da wanda wayar ta ɗauka lokacin da kake ɗaukar hoto, iska za ta cinye shi balle a kan babur. Ka ari waya ta biyu, ka fita da dare kai kaɗai ka naɗi ƙarar inji daban, haushin kare daban, takun takalmi a kan yashi daban, shirun lungun ma ka naɗe shi kamar minti ɗaya don shiru ma yana da irin ƙararsa, maganar 'yan wasan kuma ku shiga ɗaki mai katifa da labule ku sake faɗinta kusa da waya. A montaj sai ka jera su. Aiki ne mai cin rai amma ba ya cin kuɗi.

Game da jinin da aka yi wa dariya, kar ka nuna shi. Kar ka nuna sukar ma. Lokacin da Steven Spielberg yake ɗaukar Jaws, fim ɗin da ya fito a 1975, kifin roba da suka ƙera da inji ya yi ta lalacewa a cikin teku, dole ta sa aka rage nuna shi, a farkon fim ɗin ma sam ba a ganin kifin, mace ce kawai a cikin ruwa da abin da ke janta daga ƙasa, kuma wannan rashin ganin ne ya hana mutane barci. Su da miliyoyin daloli kenan. Kai da ba ka da mai kwalliyar rauni, ka bar mai kallo ya zana abin da kansa, a ga babur ya faɗi gefe tayar baya tana juyawa, fitila tana haska bango, wayar direban a ƙasa tana ƙara, an rubuta Gida a fuskarta. Abin da zuciyar mutum za ta ƙirƙiro ya fi abin da za ka iya haɗawa da tumatir muni sau goma.

Wannan kuma shi ya kawo mu kan abokinka mai son fuskarsa ta fara fitowa. Kar ka yi masa wannan maganar a fada gaban mutane, ka same shi shi kaɗai, don na fi zaton shi ma dariyar nan ta taɓa shi, shi ne fa aka yi wa dariya a zahiri lokacin da ya zaro wuƙa, neman a fara da fuskarsa wata hanya ce ta rama kunyar. Ka nuna masa cewa a sabon tsarin ma shi ne farkon wanda za a gani, hannunsa ne ya buɗe fim ɗin, kuma minti uku cur mutane za su yi suna son ganin fuskar mai wannan hannun, ta madubin babur a ga gefen haɓarsa, a ga idonsa ɗaya, sai inji ya mutu sannan a haska shi gaba ɗaya. Wanda aka jira fuskarsa minti uku ba a mantawa da shi. Kuma ka ce masa ya daina zare ido da cije leɓe, ya bar fuskar haka nan ba komai a kanta. Wani ɗan fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya gwada wannan wajen shekara ɗari da suka wuce, ya ɗauki fuskar ɗan wasa guda wadda ba ta nuna komai ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da wata mace, masu kallo suka riƙa ganin yunwa a nan, baƙin ciki a can, sha'awa a can, alhali fuskar ɗaya ce ba ta canza ba. Tunda mun riga mun ga wuƙa, fuskar abokinka ko murmushi ta yi tsoro za ta ba mu. In duk da haka ya ƙi, to kar ku ɓata, ka gode masa ka nemi wani hannun, abota ta girmi fim na minti ashirin, amma kar ka lalata farkon don ka faranta masa.

Wasu ƙananan abubuwa da sauri. Waya ba ta son duhu sosai, hoton sai ya yi ta yashi-yashi, don haka ku ɗauki na waje a ɗan tsakanin nan bayan faɗuwar rana kafin duhu ya rufe, lokacin gajere ne ƙwarai sai kun shirya komai tun la'asar, daga baya ka rage hasken a montaj. Ka danna fuskar wayar ka riƙe har haske da saiti su kulle don kar su riƙa canzawa da kansu. Kar ka yi zum da yatsa, ka matsa da ƙafarka. Hotunan kusa na kan babur kuma ba sai yana tafiya ba, ku kafe shi wuri ɗaya, wani ya riƙa ɗan girgiza shi, wani ya riƙa wucewa da tocila ta gefen fuskokinsu kamar fitilun hanya, in ka ɗora ƙarar inji babu mai ganewa. Dan Allah kuma wuƙa ta katako ko roba da aka shafa wa fenti, ba ta gaske ba, kuma ku je ku gaida mai unguwa ku gaya masa abin da za ku yi da ranar da za ku yi, mutanen lungun ma su sani, kar wani ya leƙo ya ga an zare wa ɗan kabu-kabu wuƙa ya yi ihun ɓarawo, ka san abin da ke biyo bayan wannan ihun.

Ka ce a saƙonka wai ƙila mu nan ba a yi mu don wannan harkar ba, sai 'yan Kano. Wannan maganar ban yarda da ita ba ko kaɗan. Oumarou Ganda ɗan ƙasar nan Nijar ne, shi ya fara cin babbar kyautar FESPACO, bikin finafinan Afirka da ake yi a Wagadugu, a 1972. Aïcha Macky kuma 'yar garin nan ce, ta shiga unguwar Kara-Kara ta ɗauki fim ɗinta mai suna Zinder da ya fito a 2021 aka kalle shi a ƙasashe da yawa, ba na ƙirƙirarren labari ba ne amma ka neme shi ka ga yadda take barin kyamara a kan fuskar mutum ba ta gaggawar yankewa. Lungunan da ta ɗauka su ne kake wucewa ta gabansu kullum.

Yanzu yayarka. Wannan ta fi fim ɗin damuna gaskiya. Wata biyu kana kauce mata, ita kuma ba ta san dalili ba, ƙila tana can tana tunanin ka cinye kuɗin ne a wani abu daban ko ka raina ta, kuma kowace rana da ta ƙaru maganar tana ƙara nauyi a bakinka. Mace da ta ɗauki kwasar adashenta ta miƙa maka ba riba take jira gobe ba, ta san fim na farko ba ya dawo da kuɗi da wuri, amma tana da haƙƙin ta ji gaskiya daga bakinka. Ka je gidanta cikin satin nan, ka ce Yaya na yi fim ɗin, farkonsa bai yi ba, zan gyara, kuɗinki kuma bashi ne a kaina ga yadda zan riƙa biya, ko jika biyar-biyar ne a wata daga ɗaukar biki da suna da kake samu, ka faɗi abin da za ka iya cikawa ba abin da zai yi daɗin ji ba, kuma ka kai na farkon a hannunka ranar in da hali.

In ka gama sabon minti ukun kar ka fara kai shi fada, su sun riga sun san labarin kuma sun san 'yan wasan. Ka kai wa ita Yaya, da maƙwabtanta biyu ko uku da ba su san komai a kai ba, ka ba su wayar da abin sa wa kunne ko ka haɗa da 'yar sifika, kar ka yi musu bayanin komai, ka koma gefe ka kalli fuskokinsu ba fim ɗin ba. Duk inda wata ta ɗauke ido ko ta fara magana da ta kusa da ita ka rubuta daƙiƙar, nan ne za ka rage. Ka tsayar da shi daidai inda inji ya mutu ka karɓi wayarka ka ji me za su ce. Ka turo min abin da suka faɗa, da minti ukun ma in data ta isa, zan kalla in gaya maka inda na ga saura. Allah ya taimaka, a gaida Yaya.